Mataki Na Bakwai

Jatau, ka tuna Asabar?
Ba irin ta yanzu ba, mai wucewa ba sallama.
Waccan, da jiniyar masaƙa ke sakinmu ƙarfe biyu,
mu fito daga Kakuri da auduga a gira,
kai kan sirdi, ni kan kariya,
kekenka na kuka kamar akuya ta ga mahauci.

Gada ta cika maƙil.
Mai hula, mai malafa, mai rawani, mai tsirarar kai,
duk hanya ɗaya muka nufa.
Ba mai tambayar ina ka yi ibada,
tambaya ɗaya ce: yau wa zai tsare gida?

Mataki na bakwai namu ne, ko da ba a rubuce ba.
Siminti kamar kasko, mu shimfiɗa jaridar jiya.
Barau a ƙasanmu da kalangu a hammata,
ga tsoho Dogara, rediyo manne da kunne,
yana sauraron wasan da ke gaban idonsa,
don shi ƙwallo ba ta shiga raga
sai akwatin ya tabbatar.

Laraba mai gyaɗa ta ce, "Ku ci,
in mun ci ku biya.
In aka cinye mu, ni da gola ne ranar gobe."

Ka tuna ruwan nan na Agusta?
Saura minti biyu, babu ci,
Tanimu Ƙugiya ya yanke mutum uku,
ya ɗirka, ta wuce mai tsaron gida,
sai ta tsaya cik a cikin taɓo,
taku ɗaya tsakaninta da layi.
Filin nan kaf ya haɗiye numfashi.
Har yau ban san ƙafar wa ta tura ta ba.
Na dai san na rungume wani ɗan sanda,
kulkinsa ya faɗi, bai nema ba,
kai kuma ka koma gida da takalmi wari guda,
matarka ta yi kwana uku ba ta kula ka.

Daga baya masaƙa ta yi shiru.
Sannan garin ya yi abin da ya yi.
Ka kwashe iyali ka haye Sabon Tasha,
na tsaya Tudun Wada.
Tafiyar bas ɗaya ce,
ga shi ta ci mana shekara goma sha ɗaya.

Jikana Nafi'u gidan kallo yake zuwa,
sanye da rigar wani gari da bai san gabas ɗinsa ba.
Jiya ya dawo yana huci,
wai janareto ya mutu ana shirin bugun fenariti.
Ya ce, "Kaka, ku kofi nawa kuka ɗauka?"
Na buɗe baki in ƙirga,
sai kiɗan Barau ya zo mini a maimakon lissafi.
Barau ya rasu bara, ko ka ji?
Kalangun na rataye a shagon ɗansa, fatar ta tsage.

Makon jiya na leƙa filin.
Ba layi, ba turereniya, ba yaro kan katanga.
Na hau matakan ina ba gwiwa haƙuri,
ɗaya, biyu, na huta a na huɗu.
’Yan kallo ba su kai taron suna ba.
Yaran sun yi wasa, wallahi sun iya,
wani siriri mai lamba takwas har ya so ya yi kama da Tanimu.
Da ya ci, na juya dama in dafa kafaɗa,
hannuna ya sauka kan siminti.

Asabar mai zuwa ma akwai wasa, ƙarfe huɗu.
Zan sayi gyaɗa ƙulli biyu, kuɗi hannu wannan karon.
Kai ka taho da jarida,
wurin bai daina zafi ba.